Harbi a Kan Zato

Bahaushe ya ce gani ya kori ji, kuma da gaskiyarsa, domin a tudu yake zaune. A tudu in ka ji motsi a bayan danga kana iya haska fitila ka leƙa, ko ka haƙura har gari ya waye. Amma akwai inda gari ba ya wayewa. Hasken rana in ya shiga ruwan teku, kafin ya kai zurfin mita 200 ya riga ya galabaita, in aka kai mita 1,000 kuwa babu ko ɓurɓushinsa. Alƙur'ani ma ya buga misali da duhun teku mai zurfi a aya ta 40 ta Suratun Nur. To, a cikin ruwan nan manyan ƙasashen duniya suka kai makamansu mafi muni suka ɓoye, cikin jiragen ƙarƙashin teku. Waɗanda aka ɗora wa farautar jiragen nan kuwa idonsu ba shi da amfani, da kunne kawai suke aiki. Abin da ya daɗe yana ci mini rai ke nan: mutumin da ba zai gani ba, sai dai ya ji, yaushe ya halatta ya yi harbi? In kuma ya harba aka sami kuskure, wa Allah zai tambaya?

Mutane da yawa suna ɗauka babu abin da ke ɓoye wa na'urar rada. Ba haka ba ne. Rada igiyar rediyo take turawa ta jira ta dawo, ruwan gishiri kuwa haɗiye igiyar rediyo yake yi. Abin da take iya kamawa shi ne abin da jirgin ya fito da shi sama, kamar madubin leƙe ko bututun shan iska. A yaƙin duniya na biyu ta yi wa Jamus ɓarna sosai, domin jiragen nutso na lokacin yawancin tafiyarsu a saman ruwa suke yi, tunda injin dizal sai da iska, batir kuma ba ya daɗewa. Da Ingila ta ɗora wa jiragen samanta wata rada mai gajeriyar igiya, santimita 10, wadda na'urar gargaɗin Jamusawa ba ta jin ta, sai aka riƙa faɗo musu da dare ba shiri. Wannan da sauran dabaru suka haɗu, a watan Mayun 1943 kaɗai Jamus ta rasa jiragen nutso kusan 40, har shugaban rundunar ruwanta Karl Dönitz ya janye ragowar daga arewacin Atilantika. Kowa ya ɗauki darasi: kada ka fito. Tun da jirgin Amurka mai suna Nautilus ya fara tafiya da ƙarfin nukiliya a 1955, jirgi na iya yin watanni a ƙasa, ba abin da zai taso da shi sai ƙarewar abinci.

Saura sauti. Shi ruwa gidansa ne, yana gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa ɗaya, ninki huɗu da ɗoriya na gudunsa a iska, kuma yana nisa ƙwarai kafin ya mutu. Na'urar da ke aiki da shi ita ake kira sona, kuma iri biyu ce. Akwai mai aika ƙara ta saurari amsa-kuwwa, irin wadda masanin Faransa Paul Langevin ya yi wa aiki a lokacin yaƙin duniya na farko. Ita tana faɗa maka nisan abin da ƙarar ta buga, sai dai kafin amsar ta dawo maka, wanda kake nema ya riga ya ji ka, daga nesa ma fiye da inda kai kake iya jin sa. Akwai kuma mai yin shiru ta kasa kunne kawai. Wannan ba ta tona asirin mai ita, amma abin da take ba shi bai wuce ta wace fuska ƙarar ke zuwa da kuma irin kamanninta ba. Sauran sai a yi lissafi da kintace.

Teku kuma ba ta taimaka wa mai sauraro. Tana da hawa-hawa na ɗumi da sanyi, kuma a inda ruwan ɗumi na sama ya haɗu da mai sanyi na ƙasa sauti lanƙwasewa yake yi, har jirgi ya iya shiga ƙarƙashin wannan shimfiɗar ya lafe, na sama ya wuce ta kansa bai sani ba. Ga hayaniya. Jiragen 'yan kasuwa na gunji, ruwan sama na kaɗa saman teku, manyan kifayen nan da ake kira wel suna kuka, jatan lande suna ƙas-ƙas dare da rana. Cikin wannan kasuwar ake sa wani saurayi, sau da yawa bai kai shekara 25 ba, ya rufe kunnuwansa da abin sauraro, ya zura wa allo ido, ya ce ga farfelar abokin gaba.

A ɗaya ɓangaren kuwa akwai injiniyoyin da duk aikinsu shi ne su sa yaron nan ya kasa. Suna ɗora injuna a kan roba don kada girgizarsu ta kai ga jikin jirgi. Suna lulluɓe jikin da faifan roba masu shanye ƙara, dabarar da Jamusawa suka fara gwadawa tun a yaƙin duniya na biyu. Suna sassaƙa farfela yadda ba za ta tayar da kumfa ba, domin kumfar in ta fashe ƙara take yi. Don ka san girman abin, a 1987 an yi babban rikici tsakanin Amurka da Japan saboda wani reshe na kamfanin Toshiba ya sayar wa Tarayyar Sobiyet injunan sassaƙa ƙarfe waɗanda ake iya gyara farfela da su. An kai inda a watan Fabrairun 2009 jirgin Ingila Vanguard da na Faransa Le Triomphant, dukansu masu ɗaukar makaman nukiliya, suka yi karo a tsakiyar Atilantika. Ƙawaye ne, kowanne da kunnuwa na zamani, amma babu wanda ya ji zuwan ɗan'uwansa. Faransawa da farko cewa suka yi wataƙila kwantena suka buga.

Ban ga laifi a ɓuya kanta ba. Yaƙi ɗan zamba ne, kuma malamanmu sun bambanta tsakanin dabarar yaƙi, wadda ta halatta, da ha'inci bayan an ba da amana, wanda bai halatta ba. Har ma masu kare jiragen nan suna da hujja mai nauyi, cewa ƙasar da ta san ba za ta iya gano makaman abokiyar gabarta ba ba za ta yi gigin fara kai hari ba. Na yarda da rabin maganar. Rabin da ba a faɗa shi ne, duk sanda aka rage wa jirgi ƙara, an rage wa mai farautarsa hujja, alhali ba a rage masa tsoro ba. Sai ya zamana dole ya yanke hukunci a kan shaidar da ta fi ta jiya rauni. Masana'antar ɓuya shakka take ƙerawa, da gangan, ta kai ta ajiye a kunnen wani.

A nan ne na tuna karatun zaure. Malaminmu, Allah ya jiƙansa, kan jera mana matakan sani a kan yatsunsa: yaƙini, wanda babu kokwanto a cikinsa, zato mai rinjaye, shakka, inda ɓangarorin biyu suka yi kunnen doki, sai wahami, wato ɓangaren da aka rinjaya. Abin da ya ba ni mamaki shi ne sojojin ruwa na ƙawancen NATO su ma matakai huɗu suke da su wajen kai rahoton abin da suka ji: tabbataccen jirgi, wanda ake kyautata zaton jirgi ne, wanda mai yiwuwa jirgi ne, da wanda ba jirgi ba ne. Kuma matakin farko, na tabbas, a ƙa'idarsu na wanda aka gani ne aka shaida shi. Duk tsadar na'ura, kunne shi kaɗai ba ya kai mutum can.

Shari'a ba ta ce sai da yaƙini za a motsa ba. Da ta faɗi haka da rayuwa ta tsaya. Matafiyin da dare ya rufe, ya rasa gabas, zai yi iya ƙoƙarinsa ya fuskanci inda zatonsa ya rinjaya ya yi salla, in gari ya waye ya ga ya kauce, a mazhabarmu ta Malikiyya an so ya sake in lokaci bai fita ba, shi ke nan. Likita da zato mai rinjaye yake ba da magani, alƙali ma da shi yake raba dukiya. Amma da an zo kan jini sai ma'aunin ya canza. Haddi ana tunkuɗe shi da shubuha. Aya ta 94 ta Suratun Nisa'i ta umarci masu fita yaƙi, ba masu zaman gida ba, da su yi bincike kafin su afka wa mutum. Ga kuma labarin Usama ɗan Zaidu, Allah ya ƙara masa yarda, wanda ya kashe mutumin da ya furta kalmar shahada bayan ya ga makami a kansa. In don rinjayen zato ne, na Usama mai ƙarfi ne ƙwarai, kowa a wurinsa zai ce tsoro ne ya sa mutumin ya faɗa. Duk da haka Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi ta maimaita masa zargi har Usama ya ji da ma a ranar ya shiga Musulunci. Dalilin bambancin a fili yake. Salla ana sake ta, dukiya ana mayar da ita, rai kuwa in ya fita ya fita.

Kafin a ce ai na'urorin zamani sun fi ƙarfin irin wannan kuskuren, a dubi Suwidin. A watan Oktoban 1981 wani jirgin nutso na Sobiyet ya maƙale a kan duwatsu kusa da sansanin sojan ruwansu na Karlskrona, kowa ya gan shi da ido. Daga nan kunnen ƙasar gaba ɗaya ya miƙe. Shekara da shekaru suna jin motsi a ruwansu, suna fita da jirage da helikwafta suna jefa bama-bamai, ba su taɓa fito da jirgi ko ɗaya ba. A 1994 firaministansu Carl Bildt har wasiƙar ƙorafi ya rubuta wa shugaban Rasha Boris Yeltsin. Daga baya aka gano cewa wata ƙarar da suke ɗauka ta farfela ce, ninƙayar wata 'yar dabba ce mai kama da tunku. Wata ƙarar kuma, wadda suka mayar babbar shaida, da aka kira masana halittun ruwa, Magnus Wahlberg da Håkan Westerberg, suka saurara, sai suka nuna cewa kifin shawa ne ke sakin iska ta bayansa, dubbai a lokaci guda. Abin dariya ne, amma a lura da yadda ya faru. Jirgin 1981 gaskiya ne, kuma gaskiyar nan guda ɗaya ita ta riƙa ba kowace ƙara fassara har tsawon shekaru. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

To amma akwai mai ce mini, malam, kana zaune a inuwa kana tsara ƙa'ida, shi wanda ke kan ruwa in ya jira yaƙini gawarsa ce za ta same shi. Wannan magana ba ta wasa ba ce. A ranar 9 ga Disamban 1971 jirgin yaƙin Indiya Khukri ya fita farautar jirgin nutso na Pakistan mai suna Hangor. Hangor ya riga shi ji, ya sakar masa tofido, wato makami mai tafiya a cikin ruwa, cikin 'yan mintuna Khukri ya nutse da mutum 194. A ranar 2 ga Mayun 1982, a yaƙin Fokland, jirgin Ingila Conqueror ya nutsar da General Belgrano na Ajantina, mutum 323 suka halaka, ba su ma san ana bin su ba. A yaƙin nan dai jirgin nutso guda na Ajantina, San Luis, ya hana rundunar Ingila barci, suka yi ta harbin duk abin da ya yi motsi, har jirginsu Brilliant da helikwaftansa suka kashe kifayen wel. Ni dai ba zan ɗora wa waɗannan matuƙan zunubi ba. Yaƙi ne da aka riga aka shiga, a ruwan da aka riga aka yi shelar cewa na yaƙi ne, kuma mai kare ransa daga harin da ke iya zuwa cikin daƙiƙoƙi yana da uzurin da mai zaman ofis ba shi da shi. Lalura tana da hukuncinta, amma gwargwadonta ake auna ta. Tana rufe wanda tofido ke iya samu. Ba ta rufe wanda ke nesa da ruwan da dubban kilomitoci.

Abin da ya faru a mashigin Tonkin shi ya fi nuna wannan. Ranar 2 ga Agustan 1964 ƙananan jiragen yaƙi uku na Biyetnam ta Arewa sun kai wa jirgin Amurka Maddox hari da rana tsaka. Wannan ya faru, an gani. Bayan kwana biyu, daren 4 ga wata, Maddox ya koma tare da wani jirgin, Turner Joy. Dare ne mai hadari, babu wata, teku na tashi. Rada ta fara nuna ɗigo-ɗigo suna bayyana suna ɓacewa. Mai sona na Maddox ya yi ihun tofido. Jirgin ya karkata da ƙarfi don ya kauce, sai mai sonar ya sake jin wata. Ya sake karkata, ya sake ji. Haka aka yi ta yi har rahoton tofido ya haura 20, jiragen biyu suna ta ruwan wuta cikin duhu na tsawon sa'o'i. Babu tofido ɗaya da ta taɓa su, babu tarkace, babu gawa. Wani matuƙin jirgin sama, James Stockdale, da ke shawagi a kansu a daren, ya ce bai ga komai ba sai baƙin ruwa da wutar Amurkawa. Bayanin da aka fi yarda da shi daga baya shi ne, duk sanda jirgin ya karkata da gudu, ƙarar farfelarsa ce ke bugun allon da ke juya shi ta dawo cikin kunnen mai sauraro. Wato gudun da yake yi shi ke haifar da abin da yake gudu.

Ga inda zancen yake. Kwamandan da ke wurin, John Herrick, da ƙura ta lafa ya zauna ya sake duba abin, ya aika saƙo sama cewa yawancin rahotannin nan akwai shakka a kansu, yanayi ya rikita rada, masu sona sun yi zumuɗi, Maddox bai ga komai da ido ba, don haka a bincika sosai kafin a ɗauki wani mataki. Mutumin da ya fi kowa kusa da haɗarin, shi ya ce a dakata. Gaskiya ne da aka yi ta matsa masa da tambayoyi daga sama ya sake aikowa cewa yana ganin farmakin farko dai ya auku. Amma shakkarsa ta riga ta isa Washinton, kuma an karanta ta. Duk da haka a daren Shugaba Lyndon Johnson ya fito a talbijin ya shaida wa jama'arsa cewa an sake kai musu hari, jiragen sama suka tashi suka yi luguden wuta a Biyetnam ta Arewa. Ranar 7 ga wata majalisar wakilai ta ba shi ikon yaƙi da ƙuri'a 416 babu mai ja, ta dattawa da 88, mutum biyu kawai suka ƙi, Wayne Morse da Ernest Gruening. Yaƙin da ya biyo baya ya ci Amurkawa sama da 58,000, 'yan Biyetnam kuwa miliyoyi. A 2005 aka saki binciken da masanin tarihin hukumar leƙen asirin sadarwa ta Amurka, Robert Hanyok, ya yi, wanda ya nuna babu harin da aka kai a daren, kuma an tace bayanan sirri an miƙa waɗanda suka goyi bayan hari kawai.

Na'ura ba ta yi ƙarya ba a daren nan, ƙara ta ji ta kuma nuna. Yaron da ke sauraro tsoro ne ya kama shi, bayan kwana biyu da kai musu hari na gaske. Ɓarnar a hanya ta auku. Labari ya tashi daga teku yana shakka, ya isa fadar shugaban ƙasa ya zama zato mai rinjaye, ya fito a talbijin ya zama yaƙini, alhali babu wata sabuwar shaida mai ƙarfi da ta ƙaru a tsakani. Malaman hadisi sun san wannan ciwon tun da daɗewa, shi ya sa suke tuhumar mai riwayar da ya karɓi magana da siga mai rauni ya isar da ita da siga ta yankewa. Kuma masu tafsiri da yawa sun kawo cewa aya ta 6 ta Suratul Hujurat, mai umarni da tantance labari, ta sauka ne a kan wani da aka aika karɓar zakka wurin Banu Musɗaliƙ. Ya hango su sun fito, tsoro ya kama shi, ya juya ya kai rahoton cewa sun ƙi bayarwa, har aka kusa tura musu runduna, ashe tarbarsa suka fito yi. Ayar ba ta tsaya kan wanda ya kawo labarin ba, waɗanda aka kawo wa ta yi wa magana, domin su ke da runduna.

Wanda ya ɓuya ma bai tsira daga wannan duhun ba, kuma wannan ne mutane ba su cika lura da shi ba. Jirgin da ya nitse don kada a ji shi, shi ma ba ya jin gida. Ranar 27 ga Oktoban 1962, ana tsakiyar rikicin makamai masu linzami na Kyuba, jiragen yaƙin Amurka suka yi wa jirgin nutso na Sobiyet B-59 ƙawanya. Suka riƙa jefa masa ƙananan bama-bamai na atisaye, waɗanda a wurinsu ma'anarsu ita ce ka taso ka bayyana kanka. Sun sanar da Mosko wannan alamar, amma saƙon bai isa ga jirgin ba. A ciki kuwa batir ya kusa ƙarewa, zafi ya wuce misali domin an ƙera jirgin ne don ruwan sanyi na arewa, iska ta gurɓace, mutane na suma. Kwana da kwanaki ba su ji daga Mosko ba. Abin da ke shiga kunnensu kawai shi ne fashewa a jikin ƙarfe. Kyaftin Valentin Savitsky ya ɗauka an fara yaƙi. Kuma yana da tofido mai kan nukiliya, abin da Amurkawan da ke samansa ba su sani ba.

Riwaya ta rabu biyu a nan. Ta wani jami'in jirgin, Vadim Orlov, wadda ta bazu a 2002, ta ce a ƙarƙashin ruwa kyaftin ya fusata ya ce a shirya makamin. Wata kuma, mai dogaro da jawabin da Vasili Arkhipov ya yi da bakinsa a 1997, ta nuna tashin hankalin ya kai ƙarshe ne bayan sun taso, jiragen sama na shawagi a kansu suna haska su suna harbi kusa da su. Inda suka haɗu shi ne Arkhipov, shugaban ma'aikatan ayarin jiragen nutson Sobiyet ɗin, wanda ke cikin jirgin a ranar, yana cikin waɗanda suka kwantar da kyaftin, kuma ba a harba ba. Ina ganin abin da ya yi ya fi jarumtar fage wuya. Ba shi da yaƙinin cewa ba a fara yaƙi ba. Abin da yake da shi kawai shi ne lissafin kuskure biyu. In ya ƙi harbi alhali an fara yaƙi, jirgi ɗaya ne da mutanensa za su tafi. In ya harba alhali ba a fara ba, shi ya fara. Ya zaɓi kuskuren da zai faɗa a kansa a kan wanda zai faɗa a kan duniya. Ban san wata ƙa'ida ta fiƙihu ko ta falsafa da ta wuce wannan ba a irin wannan matsayi: in tilas ne ka yi aiki cikin shakka, to ƙarfin hujjar da kake bukata yana ƙaruwa gwargwadon girman abin da ba za ka iya gyarawa ba, da kuma yawan waɗanda za su biya alhali ba a shawarce su ba.

Yanzu an fara miƙa aikin sauraron ga kwamfuta, ita ke tace ƙara ta ce kashi kaza cikin ɗari jirgi ne. Ta fi ɗan Adam haƙuri, ba ta gyangyaɗi, ba ta tsoro. Amma lamba ba ta ɗauke wa kowa hisabi. Aya ta 36 ta Suratul Isra'i ta ambaci ji da gani da zuciya a matsayin abubuwan da za a yi tambaya a kansu, kuma na'ura ba ta da ko ɗaya da za a tsayar ranar gobe. Haɗarinta ma shi ne tana sa zato ya yi kama da yaƙini, domin abin da ya fito a allo da lambobi yana da kwarjinin da muryar yaro mai rawar baki ba ta da shi.

Mu nan ba mu da jirgin ƙarƙashin teku, amma mun ɗanɗana harbi a kan abin da na'ura ta nuna. A daren 3 ga Disamban 2023 jirgi maras matuƙi na soja ya hango taron mutane a Tudun Biri, cikin ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna, aka ɗauka 'yan bindiga ne. Masu Mauludi ne. Sama da mutum 80 aka binne, kuma rundunar ta amsa cewa kuskure ne. Wanda ya ba da umarnin ba tofido ke bin sa ba, yana da lokacin da zai sake dubawa. Kisan kuskure a shari'a ba ya wucewa da ban haƙuri, aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta ɗora masa diyya da kaffara. Abin da ya kamata mu riƙa nema daga kowace hukuma da ta kashe mutane ta hanyar allo, tamu ko ta wasu, abu uku ne: a faɗa mana abin da mai kallon na'urar ya ce da bakinsa, a faɗa mana wanda ya mayar da shakkarsa tabbas, sannan a biya iyalan mamatan diyyarsu cikakkiya.